Tafkin Baba a Tahaggart

Daga Allah muka zo, wurinSa za mu koma, kowa da ranarsa. Ranar Baba ta zo ne wata Lahadi da hantsi, a gidansa na unguwar Tahaggart, cikin garin Tamanrasset, bayan jinyar da ba ta cika mako biyu ba. Kafin la'asar mun kai shi makwanci, kafin magariba tabarmi sun cika zaure sun fita har bakin titi. Ni ne ɗan fari, don haka ni aka zaunar a gaba, hannuna aka riƙa kamawa ana cewa Allah Ya ba da haƙuri. Amma bari in faɗi abin da idona ya gani, tunda wanda nake jin kunyarsa ya riga ya tafi. Duk wanda ya saki hannuna sai ya zarce wurin mijin ƙanwata, wanda muke kira Magini, ya kama nasa hannun, ya fi daɗewa riƙe da shi.

Aminin Baba, wani tsohon Buzu mai lambu a ƙauyen Tahifet, ya iso washegari. Ni ya ce mini, "Haƙuri, haƙuri," ya dafa kafaɗata ya wuce. Da ya kai kan Magini sai ya zauna dirshan, ya ja rawani ya rufe ido, ya ce da Hausarsa mai tsalle-tsalle, "Kai kuma, wa zai yi maka faɗa ranar Juma'a?" Su biyun suka yi ta kuka. Ina zaune ina jan carbi, amma Allah Ya sani ba tasbihi nake yi ba. A raina cewa nake, wai uban wa ya mutu ne?

Abin da ya haɗa su yana nan jingine da bangon zaure inda kowa ke ganinsa. Wani babban akwatin gilashi ne cike da ruwa, tsawonsa ya kai na mutum a kwance, an ɗora shi bisa dakalin siminti, jajayen kifaye na kai da komo a ciki. 'Yan lekkol, wato 'yan boko, na ce masa akwariyom. Baba tafki yake ce masa, mu ma muka bi bakinsa. Masu gaisuwa in sun shafa addu'a sai ka ga wuyansu ya karkata can. Wani ya ce ai marigayin ya fi sanin kifayensa a kan farashin kasuwa, wani ya ce bai taɓa ganin ruwa mai haske irin wannan ba tun da ya baro gida. Yaran da aka zo da su suna ta jefa wa kifi ɓawon burodi da shinkafar sadaka, babu mai tsawata musu. Goggo, ƙanwar Baba, ta leƙo daga cikin gida ta ce a rufe abin nan da zane, mutum ya mutu kifi na ta wasa kamar ba a yi komai ba.

Ran sadakar uku Magini ya matso kusa da ni ya rage murya.

"Yaya, yaran ga sun cika tafki da abinci. Ruwa zai ɓaci. In ka yarda, in an watse in ɗan rage shi."

"Gidan ubana ne," na ce, ni ban rage tawa muryar ba. "Tafkin ubana ne. Shekara nawa kana sa hannu a ciki? Ya isa haka. Daga yau ni ke da shi."

Ya ce, "To, Yaya." Ya koma wurin zamansa. Mutane suka sunkuyar da kai. Na ji sanyi a zuciyata na ɗan lokaci, sannan na tuna cewa sau ɗaya tak na taɓa gyara tafkin nan a rayuwata, kuma duk gidan sun san yadda aka ƙare. Ga rai goma sha biyu a ciki, na kori mutum ɗaya da ya san yadda ake raya su.

Baba ɗan bakin ruwa ne. A gefen tafkin Gidimuni aka haife shi, can ƙasar Damagaram. Ya zo Tamanrasset yana saurayi da buhun turaren wuta da 'yan kwalaben humra, ya kafa tebur a kasuwa, tebur ya zama kanti. In ya ɗaga kai ya dubi duwatsun da suka kewaye garin sai ya ce, "Idon da ya tashi a bakin ruwa, dutse ba ya ƙosar da shi." Abokai sun sha jansa zuwa ƙololuwar dutsen Assekrem kallon fitowar rana. Sau ɗaya ya je, ya dawo ya ce ya ga dutse a kan dutse, sanyi kuma ya kusa kashe shi, kada wanda ya sake yi masa tayi. Da ruwan famfo ya wadata a unguwa, bayan an jawo shi daga garin In Salah, sai ya sayi gilashin nan wurin wani Balarabe da zai koma arewa. Kifin farko a leda ya taho da shi tun daga birnin Alje, a kan cinyarsa, kwana biyu cikin mota, yana buɗe bakin ledar a kowane zango don ya sha iska. Inna ta ce ita ko lokacin da take da cikina bai yi mata irin wannan lallaɓawar ba.

Mutumin da ne, irin waɗanda suka riƙe kunyar ɗan fari hannu bibbiyu. Tun da aka haife ni bai taɓa kiran sunana ba. Ina yaro, "kai" ne ni, ko "wancan". Da na girma ya danƙa mini makullin kanti sai na zama "Mai kanti". In na shigo zaure yakan sami abin dubawa a wani gefe. Ƙanwata kuwa har wuyansa take hawa, sunanta kullum a bakinsa kamar goro. Na san al'ada ce, kowa ya sani, ni ma ban cika kiran sunan nawa ɗan farin ba. Sanin hakan bai taɓa rage mini zafin abin ba, ko da na yi gemu.

Akwai halinsa guda da ko ina cikin fushi ba zan ɓoye ba. Samarin da ke ƙetaro hamada daga Nijar neman aikin gini, waɗanda ba su san kowa ba, ƙofar zauren Baba a buɗe take gare su kowace Juma'a. Ba ya yi musu wa'azi, ba ya tambayarsu yadda suka shigo. Ya shimfiɗa musu tabarma gaban tafki, a ɗora shayi, su zauna. Na sha ganin ƙato mai hannu kamar bulo ya kafa wa kifi ido har hawaye ya zubo masa, don rabonsa da ganin ruwa mai rai tun garinsu. Baba sai ya yi kamar bai gani ba, ya ce a ƙara wa baƙo sukari. Cikin irin waɗannan samarin ne Magini ya shigo gidanmu, ɗan Maraɗi, da jaka ɗaya da takalmin roba. Ya dubi teburin katakon da aka ɗora gilashin a kai ya ce, "Baba, wanga tebur zai ci amanarku wata rana." Mako na zagayowa ya gina dakalin siminti, ya daidaita shi har ruwan ya kwanta sumul, babu gefen da ya fi wani. Daga dakali ya samu tiyo. Daga tiyo, bayan shekara biyu, ya samu ƙanwata.

Duk wanda ya san Baba ya san gyaran Juma'a. Tun Laraba ake fara shi. A cika bido shida, jarkokin nan na roba, daga famfo, a bar su a buɗe a inuwa. "Ruwan famfo da magani yake zuwa," in ji shi, "bar shi ya kwana biyu ya huce." Ran Juma'a bayan an karya kumallo, kafin wanka, kafin turare, sai ya naɗe hannun riga. Da farko a zare wutar matatar ruwa. Sai ya ɗauko wani tsohon katin waya ya kankare gansakukar da ta kama gilashi, daga sama zuwa ƙasa, ba ya maimaita wuri. Daga nan ya zauna ya sha shayi na fari, don dattin da ya kankaro ya kwanta. Sannan tiyo. Magini ya tsotsi bakinsa ɗaya har ruwa ya taho, ya saka cikin bokiti, Baba kuma ya riƙa cusa ɗaya bakin cikin tsakuwa layi-layi kamar mai huɗa, datti na bin tiyo yana fita, tsakuwa na komawa wurinta. Akwai wani ɗan zane da ya yi da fenti a jikin gilashi. Da ruwa ya sauka nan, an tsaya ke nan, ko da sauran datti.

"Ɗaya cikin huɗu," yake cewa. "Mai kwashe ruwa duka, gida yake rushe wa kifi."

Soson matata ba ya ganin famfo, balle sabulu. A cikin bokitin ruwan da aka cire ake matsa shi, sau uku, a mayar da shi da sauran baƙinsa. Wani saurayi ya taɓa cewa, "Baba, ai bai fita ba." Ya ce, "Ba a so ya fita. Akwai ma'aikata a cikin baƙin nan da ido ba ya gani, su ke share wa kifi gida in muna barci. Ka kore su, kai za ka shiga ka yi aikin?" Sabon ruwa kuma a kan faranti ake tsiyaya shi a hankali, don kada ya tayar da ƙasa. Kafin a sha shayi na uku an gama, an goge gilashi, ko ɗigo babu a tabarma. Abinci kuwa ɗan tsinke ne da yatsu biyu, sau ɗaya a rana, abin da za su cinye kafin carbi ya zagayo. Ya ce yunwa ba ta kashe kifi, ƙoshi ke kashe shi.

Duk wannan na san shi ne da ido, daga inda nake zaune ina fifita gawayi. Abin da kunnena ke ji kuwa shi ne faɗa. "Kai ɗan Maraɗi, tiyo kake riƙe ko wutsiyar jaki?" "Ɗaga bokiti, za ka jiƙa mini tabarma!" Kuma duk faɗan da sunan Magini yake tafe, sunansa na yanka, sau goma kafin a gama. Magini na dariya yana cewa, "Ku yi haƙuri, Baba." Surukai ne fa, waɗanda ya kamata a ce kunya ta hana su haɗa ido. Ruwan tafki ya wanke tasu kunyar, tawa kuwa ta ƙi fita. Wata Juma'a na daure na tashi na ce, "Baba, ku kawo in riƙe tiyon." Bai dube ni ba. Ya ce, "Hannunka na kanti ne. Je ka zuba wa mutane shayi." Na koma na zauna, na zuba shayin har ya malala a tire.

Rigimar Baba da Goggo ma a kan tafkin ne. Ta zo wata Juma'a ta tarar ana fita da bokiti, ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Yaya, ka ji tsoron Allah. Shekara nawa muka yi a garin nan muna bin motar ruwa da bido? Yanzu ka samu kana zuba wa kifin da ko miya ba a yi da shi."

Ya yi mata hannu ta biyo shi bayan gida, inda ya jera tsofaffin bido da aka yanke, cike da na'ana'a da tumatir da tattasai, kore shar.

"Na'ana'ar nan da kike ɗiba duk mako kina yabon ƙamshinta, kin san me take sha? Kashin kifi."

Goggo ta tofar da yawu ta ce an cuce ta. Wata guda ba ta taka gidan ba. Ranar da ta dawo, da kwandonta ta dawo, ta wuce bayan gida kai tsaye wurin na'ana'a. Ɗigon ruwa ɗaya ba ya tafiya banza a hannun Baba. Abin da ya rage bayan na'ana'a ta sha, tsohon nan na Tahifet ke ɗauka a bayan motarsa ya kai wa irin shukarsa. An ce hassada ga mai rabo taki ce. Ni na ga haka da idona, don duk hararar da na yi wa Magini a shekarun nan, ƙara masa shiga kawai ta yi.

Yanzu sai in faɗi nawa aikin, na shekara tara da suka wuce. Wan Baba ya rasu a Damagaram, ya tafi gaisuwa zai yi mako uku. Magini kuma yana Tahifet yana gina katangar lambu. Baba ya bar wa Inna abincin kifi, ya ce kada kowa ya taɓa tafki, zai jure har ya dawo. Cikin mako na uku gilashi ya yi kore. Na dube shi na ce yau ranata ce. Na rufe kanti da rana tsaka, na kwashe kifaye na zuba a baho, na zubar da ruwan kaf. Na wanke gilashi da sabulu, na bi da ruwan jabel, bilic ɗin nan na wankin fararen kaya. Tsakuwa na dirje ta na shanya. Soson nan mai baƙi na wanke shi a bakin famfo har ya koma fari fes kamar sabo. Na cika tafki da ruwa kai tsaye daga famfo, na mayar da kifaye. Har murfin na goga wa ɗan turare don zaure ya yi ƙamshi. Wallahi tafkin nan bai taɓa haske irin na ran nan ba. Na tsaya ina hango yadda Baba zai shigo ya tambayi wanda ya yi, a ce masa ni ne.

Garin neman gira na rasa ido. Da safe biyu sun juya ciki sama. Kafin kwana uku duk sun mutu, sai guda ɗaya, na farkon nan da ya zo a leda, ja mai farin tabo a goshi. Ya kwanta a ƙasa yana numfashi da ƙyar, amma ya ƙi tafiya.

Baba ya dawo, ko jaka bai ajiye ba ya tsaya gaban tafki. Ya daɗe. Ya ce, "Wa ya yi wannan aiki?" Inna ta ce, "Mai kanti ne." Ina bayan ƙofa ina jira. Magidanci da 'ya'ya biyu, amma na rantse so nake ya ƙwala mini kira da sunana, ya zage ni tas, ko mari ne ya yi. Sai na ji ya ce, "Ya wanke sosai. Allah Ya yi albarka." Shi ke nan. Ya aika aka taho da Magini daga Tahifet, ya zaunar da shi ya yi masa faɗa tun azahar har la'asar, wai don me ya tafi bai bar bido a cike ba, don me bai yi wa mutanen gida bayani ba. Ni na kashe kifi, shi ya samu faɗan. Ran nan na tabbatar wa kaina cewa ko laifina bai kai a kula da shi ba.

Haka muka tafi har jinyarsa ta ƙarshe. Yana kwance, in Magini ya shigo sai ya ɗago kai ya kira shi ya ce, "An cika bido?" In ni na shigo sai ya juya wajen bango ya ce, "Kanti lafiya?" In ce lafiya lau. Iyakar zancenmu na ƙarshe ke nan a duniya.

To, mu koma zaman makoki. Na kori Magini ran Talata. Laraba ta wuce ban tuna da bido ba. Alhamis ruwa ya fara dishi-dishi. Juma'a da safe ya yi fari kamar an dama farau-farau, kifaye duk sun taso sama suna buɗe baki. Na ɗauko bokiti da tiyo na tsaya. Na san kowane mataki da ido, amma babu ruwan da ya kwana, kuma da na miƙa hannu sai na ga bahon nan na shekara tara a gabana. Na ajiye tiyo na tafi masallaci. Magini na zaune a zaure yini guda, idonsa na zuwa kan tafki yana dawowa. Asabar da safe na tarar ƙanana biyu sun mutu. Tsohon mai farin goshi ya kwanta a ƙasa, ya karkata gefe guda.

Inna tana ɗakinta cikin takaba, ba ta fitowa, amma babu abin da ke wuce ta. Ta sa aka kira ni.

"Ruwa ba ya tsami banza," ta ce. "Ubanka ya bar rayuka a zauren nan ban da mu. In sun mutu don ciwo, Allah ne. In sun mutu don fushinka, kai za a tambaya. Ka zaɓa."

Tsakanin gidanmu da na Magini bai fi tafiyar minti biyar ba, amma ban taɓa yin doguwar tafiya irinta ba. Na yi sallama ya fito. Kafin in buɗe baki na hango bido shida jere a inuwar katangarsa, bakinsu a buɗe.

"Tun Laraba na cika su, Yaya," ya ce. "Na ce ko za ka aiko."

Na ce, "Zo ka gyara."

"A'a. Kai ka ce kai ad da shi, gaban mutane ka faɗa. Ni bokiti zan riƙe maka."

Muka ɗauko bido muka dawo. Zaure babu kowa, masu gaisuwa ba su fara zuwa ba. Na naɗe hannun riga, sai ya ce in dakata. Ya kama hannuwana biyu ya kai hancinsa ya shinshina, ciki da baya, har tsakanin yatsu. Na kusa fizgewa.

"Alhamdu lillahi, yau babu," ya ce. "Kwana shida ba ka je kanti ba."

"Babu me?"

"Turare, Yaya. Hannunka kullum cikin humra da miski yake, ko ka wanke ba ya fita rana ɗaya. Ɗigo guda in ya shiga ruwan ga, sai gawa. Baba ya ce da za ka yi kwana uku ba ka taɓa kwalba ba, da ya ba ka tiyo. To kai kuma ko ran salla kana kanti."

"Me ya hana shi faɗa mini haka?"

"Ya faɗa. Ya ce hannunka na kanti ne. Iyakar abin da ya iya ke nan, mutumin da ba ya iya duban idonka."

Na zare wuta, na ɗauki katin waya na kankare gilashi daga sama zuwa ƙasa. Muka jira datti ya kwanta. Na tsotsi tiyo, ruwan kifi ya cika mini baki, ɗaci da ƙarni, na tofar Magini na danne dariya. Na bi tsakuwa layi-layi, ruɓaɓɓen burodi da shinkafa na fita. Da muka kai zanen fenti na so in zarce, ya ce, "Ɗaya cikin huɗu. Gobe mu sake, jibi mu sake." Na matsa soso sau uku a cikin bokiti, na mayar da shi da baƙinsa, raina na ce mini bai fita ba. Na tsiyaya sabon ruwa a kan faranti. Kifaye suka fara sauka daga sama. Tsohon kifin nan kuwa bai motsa ba.

Magini ya tsuguna yana kallonsa. Ya ce, kamar da kansa yake magana, "Da Baba ne, gilashi zai ƙwanƙwasa sau biyu ya kira shi, sai ka ga ya taso."

"Ya kira shi da me?"

Ya miƙe ya kama bokiti zai fita da shi.

"Kifin yana da suna ne?"

"Yaya, ka bar maganar. Ni ma bakina bai taɓa faɗarsa ba."

"Na ce ka faɗa."

Ya sunkuyar da kai ya faɗi sunana. Sunana na yanka, wanda liman ya raɗa mini.

Na zauna a kan dakalin da ya gina. Ya ce tun ranar sabulun nan ne. Bayan Baba ya gama yi masa faɗa, kowa ya watse, sai ya tsaya gaban tafki ya ce wannan shi ne ɗan farin tafki, ya sha sabulu ya sha jabel ya ƙi mutuwa, taurin kai irin na mai sunan. Daga ran nan, duk Juma'a in an gama gyara, samari sun tafi wanka, ni na tafi buɗe kanti na ɗan lokaci kafin salla, sai ya ƙwanƙwasa gilashi ya kira shi. Ya tambaye shi ko ya karya kumallo. Ya ce masa ya rame, ya rage tsayuwa a kanti. Ya ce masa Allah Ya yi albarka.

Na ce, "Sake faɗa. Yadda yake faɗa nake so."

Magini ya ƙwanƙwasa gilashi sau biyu, ya faɗa, ya ja ƙarshen sunan irin jan Damagarawa, da 'yar rawar murya irin ta tsufa. Kifi ya kaɗa wutsiya sau ɗaya. Kukan da ban yi a maƙabarta ba, a nan na yi shi, hannuna na ɗigar ruwan kifi. Kafin la'asar tsohon kifin ya miƙe ya fara zagaya.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya yafe masa, Ya sanyaya makwancinsa, Ya shayar da shi daga tafkin da ruwansa ba ya gurɓata. Ya saka masa da kowane kofin shayi da baƙo ya sha a zaurensa.

Ƙofar zaure har yau a buɗe take ran Juma'a. Goggo na zuwa da kwandonta. Daga Laraba ba na taɓa kwalba a kanti, sai dai in nuna wa mai saye ya ɗauka da kansa, mutane na cewa Mai kanti ya fara girman kai. Magini ke riƙe mini bokiti, ni nake yi masa faɗa, na kuma daina kishinsa, ko in ce na rage. Kifin ne har yanzu ban huce da shi ba. Shekara tara yana jin sunana daga bakin ubana duk mako, ni ko sau ɗaya ban ji ba. In an gama gyara kowa ya fita, nakan ƙwanƙwasa gilashi sau biyu. Ya taso ya tsaya daidai fuskata yana buɗe baki yana rufewa, ni kuma in kara kunne.